Kafur a Motar Kumandan

Yayana ya fi kowa iya yi mini ba'a a kan aikina. Ni ne direban kumandan a Gaya, a shekarun ƙarshe na mulkin Faransa, kafin a ɗora gada a kan kogi. Shi kuwa yana aiki a bak, wato faffaɗan jirgin ruwan nan da ke ƙetarar da motoci tsakaninmu da Malanbil. In ya taso daga aiki ya tarar da ni durƙushe cikin mota ina sakace ɗinkin kujera, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Kai dai Allah ya yi ka don wankin kayan Anasara," in ji shi. "To ka ji, ran da na mutu kai za ka yi mini wanka, in ga ko ni ma zan yi ƙyalli kamar wagga mota."

"Yaya, kai ko an tara sabulun Gaya duka ba ya fid da ƙarnin kifin da ke jikinka."

Dariya muke yi. Amma ranar da muka rufe mahaifinmu, muna dawowa daga maƙabarta, ya sake faɗa mini maganar, kuma babu dariya a fuskarsa. Ya ce ba ya son hannun kowa a jikinsa sai nawa, domin ya san ni ba na aikin gaggawa. Na ce masa to.

Ba zan ɓoye ba, ina alfahari da motar nan. Baƙa ce, kujerunta na fata mai haske, ƙasanta da shimfiɗa mai laushi, rufinta na ciki farin yadi. Wajen mota kowa ma na iya watsa masa ruwa, ciki ne aikin. Jar ƙasar hanyar Doso ba ta da kunya, tana shiga inda allura ba ta shiga. Da asuwaki nake bin ɗinkin kujeru, da gashin kaza nake share ƙananan ramukan da ke gaban direba, in shafa wa fatar man kaɗe kaɗan, in yi ta murzawa har ta daina maiƙo. Kumandan yana da farin hankici da yake gwada ni da shi. Sai ya zura shi ƙarƙashin kujera, ko bayan mariƙin ƙofa, ya fito da shi ya duba a rana. Ya daɗe bai samu abin faɗa ba, ni kuma ina jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Ranar da nake ba da labari, wani babban baƙo ne zai ƙetaro daga Dahome bayan la'asar, kuma motarmu ce za ta tarbe shi a bakin ruwa. Tun jiyanta na gama gyaranta. Da hantsi na kai kumandan mashigar bak don ya duba shiri. Ana cikin gwada jirgin sai igiyar ƙarfen da ke riƙe da shi ta tsinke, ta yi bulala, ta sami Yayana a cinya. Ina tsaye ina gani.

Gaskiya ɗaya ce, kumandan da hannunsa ya buɗe ƙofar baya, ya daka tsawa a saka shi. Aka kwantar da shi a kujera, wani abokin aikinsa ya ɗaure cinyar da rawani, na ja mota zuwa gidan likita. Hanyar ba ta da nisa. Ina jin numfashinsa a bayana, sai ya kira ni.

"Ƙanena."

"Na'am, Yaya."

"Na ɓata maka mota."

"Yi shiru, Yaya, mun kusa."

Ya kuwa yi shirun. Ko da aka buɗe ƙofa a gidan likita, babu abin da ya rage a yi masa sai addu'a.

Mutanen unguwa suka zo da makara suka ɗauke shi. Na bi su ke nan sai ga gardi, wato ɗan sandan kumandan, da tafinta sun sha gabana. Tafintan ya ce kumandan na yi mini ta'aziyya ƙwarai, amma baƙo ba ya jira, babu wata mota a Gaya da ta dace da shi, kuma ba wanda ya iya gyaranta sai ni. In na gama, in tafi.

"Gawa ma ba ta jira," na ce.

"Na sani, malam," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ni aike na aka yi. In ka ƙi, gidan kaso za ka kwana, kuma can ma ba za ka ga jana'izar ba."

Lokacin zafi ne, na san ba za a wuce azahar ba a rufe shi. Na aika a gaya wa liman da Inna, mahaifiyarmu, su ɗan saurare ni, ina nan tafe, ni zan yi masa wanka. Na ce a raina in na sa hannu da ƙarfi zan gama kafin rana ta take tsaka. Na ja motar zuwa gindin mangwaron da ke bayan gidan kumandan, gardin ya zauna a kan dutse da bindigarsa.

Jini ba ya son ruwan zafi, dafa shi yake yi ya kama. Na ɗebo ruwan randa na zuba gishiri. Na kwance ƙusoshin kujerar baya na fito da ita waje, sai na ga abin ya fi yadda na zata. Ya bi ɗinki ya shige cikin audugar kujerar, ya gangara ƙarƙashi ya jiƙa shimfiɗar ƙasa, ya taru a kwarin da ke gefen ƙofa. Na farke ɗinkin da reza, na cire audugar da ta ɓaci, na cusa sabuwa, na mayar da zare a ramukansa na da don kada ido ya gane. A farin yadin rufi kuwa akwai shatin yatsunsa, inda ya miƙa hannu yana neman abin kamawa. Na daɗe ina kallon wurin kafin in iya sa masa tsumma. Shi ba a murza shi, dannawa ake yi a hankali, in ba haka ba tabon ya bazu.

Ruwan kwano ya yi ja. Gardin, wani dattijo ne mutumin Yelu, ya tashi zai taimake ni ya watsar da shi a kwata. Na riƙe hannunsa.

"Baba, wanga ba ruwan wanki ba ne."

Ya nemo fartanya ya haƙa rami a gindin mangwaron, a nan muka riƙa zubawa, tare da audugar.

Rana ta take tsaka ban kai ko'ina ba. Matata ta zo da mayafinta a jiƙe da hawaye, ta ce an jira har an gaji, liman ya ce ba a ƙara jinkiri, Baffa zai yi wankan. Na ji kamar in cinna wa motar wuta. Na tsani fatar, na tsani man kaɗen da na yi shekaru ina shafa mata, na tsani hannuwana da suka iya aikin har aka rasa wanda zai maye ni. Amma ban daina ba, domin ban ga abin da dainawar za ta dawo mini da shi ba.

Tabo ya fita, ƙarni ya ƙi. In ka rufe ƙofofi ka buɗe, yana nan. Na gwada lemon tsami, na gwada gawayi, a banza. Sai na ce wa matata ta koma gida ta roƙo mini abin da ya ragu na kafur da ganyen magaryar da aka tanada don wankan. Ta dube ni, ta tafi ta kawo.

Na jiƙa ganyen, na narka kafur a ruwa. Sai da na yi nisa na lura cewa ta dama na fara, ina bi a hankali daga sama zuwa ƙasa, bakina yana motsi. Ina cikin haka gardin ya miƙe tsaye ya cire jar hularsa. Hanyar maƙabarta ta bayan katangar gidan take bi. Ba a ganin mutane, sai kawunansu da makarar a sama, lulluɓe da tabarma. Na tsaya da tsumma a hannu har suka ɓace, sannan na koma na ƙarasa gefen hagu.

Kafin la'asar na mayar da kujera, na shafa mai, na goge gilasai da madubi. Kumandan ya fito cikin fararen kayansa. Ya dafa kafaɗata, sannan ya zaro hankicin. Ya zura ƙarƙashin kujera, ya bi ɗinkin, ya shafa rufin, ya ɗaga shi a rana. Fari tas. Ya yi magana, tafinta ya juya mini.

"Ya ce aiki ya yi kyau. Ya ce kamar ba wanda ya taɓa shiga cikinta."

Na ɗauko baƙon a bakin ruwa, an riga an ɗaura wa bak sabuwar igiya. Ya zauna a baya, a gefen dama, suna ta hira da kumandan har gida.

Gab da magariba aka sallame ni. Na tarar da ƙofar gidanmu cike da masu zaman makoki, na ratsa su na shiga wurin Inna. Idanunta sun daɗe da yin rauni, da hannu take gane mu. Na durƙusa, ta kama hannuwana biyu, ta kai su fuskarta, sai ta tsaya cik. Ta sake shinshinawa.

"Kafur nake ji," ta ce. "An ce mini ba ka zo ba. Wa ka wanke?"

"Mota, Inna."