Abdulmutalib A-Can-Ƙasar da Madarar Zoza

A Zoza ba a cika kiransa Abdulmutalib ba, sai dai A-Can-Ƙasar. Shekara bakwai ya yi yana tatsar shanu a wata katafariyar gona a Saudiyya, da ya dawo kuwa kowace magana tasa da haka take farawa.

"A can ƙasar, in an ce ƙarfe biyar, to biyar ɗin ce. Mu nan halinmu ne ya kwantar da mu. Lalaci da shiririta."

Mutumin kirki ne, ba a fushi da shi. Ya dawo wa kusan kowane dattijo da carbi, kuma in saniyar wani ta kasa haihuwa shi ake kira.

Sai ya ce zai nuna musu aiki. Ya ware shanu shida cikin garken gidansu, ya gyara musu rumfa, ya samo mai yin yogot a Karaye da zai riƙa karɓar madara kullum. Da rani abin ya tafi daidai. Damina na kankama, hanya ta yanke. Wata Talata ya tura babur cikin laka har rana ta take, ya isa Karaye madarar ta tsinke, mai yogot ya shinshina ya girgiza kai.

Ya dawo jiki duk taɓo, ya zauna ƙofar ɗakin yayarsa Bara'atu, wadda ta shekara talatin tana kai nono kasuwar Rogo a ka. Ta miƙa masa ruwa tukuna.

"Sannu, Audu. Yau ma lalacin ne ya hana ka isa?"

"Haba Adda, tun asuba nake tafe!"

"Na sani. To, a can ɗin, su wa ke tatsar?"

Ya lissafa da yatsu: 'yan Sudan, 'yan Bangaladash, sai su uku daga Kano.

"In kun tatsa fa?"

"Motar sanyi na tsaye a bakin ƙofa. Kwalta har cikin gari."

"Ashe hannun irin namu ne," in ji ta. "Motar ce ba mu da ita."

Sai ya fashe da dariya har da hawaye.

Bai sallama gaba ɗaya ba. Har yau yana cewa akwai gyara a halinmu, kuma wanda ya makara sai ya sha faɗa. Amma bayan girbi shi ya bi ruga-ruga ya haɗa mata goma sha huɗu masu nono suka yi ƙungiya, suka sa firji mai aiki da hasken rana a zauren gidansu. Shi ke ɗaukar madarar zuwa Karaye, ranar da hanya ta ƙi kuma madarar ta kwana cikin sanyi. Da aka zo zaɓen shugaba matan suka ce Bara'atu, shi ya fara ɗaga hannu.