Ranar da Inna Ta Yafe

Ni mutum ne mai saurin fushi, duk wanda ya yi aiki da ni ya shaida. Ina yi in sauke, ya wuce. Fushi ɗaya ne na rasa inda zan ajiye shi har furfura ta fito mini, domin da mahaifiyata nake yin sa.

A shekarun da soja suka miƙa mulki, ni da yayana muna aiki a wani kamfanin matsar man gyaɗa a bayan garin Gummi. Kamfani dai a baki! Doguwar rumfar kwano ce, da janareta, da injin matsa, sai mu leburori da muka taru daga Gummi da Bukkuyum da ƙauyukan Anka. Ni ina wajen ɗura mai a duro, yayana shi ke kan inji. Injin nan yana da wani ƙaton bel da ke juyawa tsirara daidai ƙugun mutum, ba murfi ba raga. In ka gifta kusa da shi har iskarsa kake ji a jikinka.

Saboda bel ɗin nan muka fara maganar ƙungiya. Akwai wani jami'in ƙungiyar ƙwadago da ke zuwa mana daga Gusau, mu zauna da shi a gindin tsamiya bayan an tashi aiki. Karatunsa ɗaya ne kullum: kada kowa ya je wurin mai kamfani shi kaɗai, mu je da baki ɗaya, mu nemi a zauna da mu a matsayin ƙungiya, abu na farko a sa wa bel raga. Magana mai sauƙi, amma wallahi ta fi ɗaukar buhu wuya. Mai kamfanin Baba Alhaji muke ce masa. Akwai wanda ya saya wa ragon suna, akwai wanda ya kai wa matarsa asibiti. Sai ka ji mutum ya ce, yaya zan zauna ina ja-in-ja da wanda ya rufa mini asiri? Duk lokacin da muka nemi zama, manaja ya yi murmushi ya ce Alhaji ya yi tafiya.

Wata safiya bel ya kama yayana. Ba zan rubuta abin da na gani ba. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa.

Ba wanda ya kira yajin aiki, amma washegari ba wanda ya shiga rumfar. Mutanen da na sha zaginsu a kan tsoro, su ne suka cika ƙofar gidanmu suna zaman makoki, janareta ya yi shiru. Jami'in Gusau ya zo ta'aziyya, ya ja ni gefe ya ce yanzu Alhaji zai zauna da mu, domin yana gudun ofishin ƙwadago da kotu. Abu ɗaya ya roƙa: kada gidanmu ya ce ya yafe, sai an zauna, an sa raga, an amince da ƙungiya.

Ya san abin da yake tsoro. A wajenmu in mota ta buge yaro, kafin ɗan sanda ya gama tambaya uban ya ce ya yafe. Wanda ya tsaya neman haƙƙi a kan gawa, kallon mai jayayya da ƙaddara ake yi masa. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, don haka magana tana hannun ƙanensa, Baffa. Na durƙusa gabansa na ce, “Baffa, ba cewa na yi ka ƙi yafewa ba. Jinkirtawa kawai za ka yi, don kada injin nan ya ci wani.” Ya daɗe yana jan carbi kafin ya ce to. Inna kuwa ba wanda ya kai mata zancen. Ta ina za a fara da macen da ke cikin ɗaki tana kukan ɗanta?

Ranar sadakar uku Alhaji ya zo da buhunan gero a bayan mota. Ya cire takalmi ya zauna kan tabarma cikin jama'a, ya yi hawaye, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, hawayen gaske ne. Bayan addu'a ya juya wurin Baffa ya ce a wurinsa abin ya faru, yana neman gafara. Baffa ya sunkuyar da kai ya ce, “Alhaji, a bari tukuna, zuciya ba ta kwanta ba.” Tsofaffi suka fara kallon juna. Alhaji ya share fuska, ya ce ba komai, kuma in an yi sadakar bakwai zai zauna da yaransa na kamfani ya ji kukansu. A gaban mutane ya faɗi haka. Ni da ke cikin makoki, sai da na ji wani sanyi a raina.

Daga nan ya ce yana son ya gaida uwar mamaci. Wa zai hana? Ni na yi masa jagora zuwa cikin gida. Ya tsuguna a bakin ƙofar ɗakin, mata cike a ciki, ya ce, “Inna, yaya haƙuri?” Ta ce da godiya. Ya ce ɗanta a hannunsa yake, ya zo neman afuwa. Ban ma kai ga buɗe baki ba na ji muryarta, a dushe amma ba rawa.

“Haba Alhaji, kai ka kashe shi? Kwananai ne sunka ƙare. Na yahe, duniya da lahira.”

Matan ɗakin suka ɗauka da Allah shi yi miki albarka. Ni kuwa na tsaya riƙe da labule kamar an dasa ni.

Kafin Alhaji ya sa takalminsa labari ya fito waje. Baffa ya dube ni ya ce uwa ta yahe, shi mi ya rage mai? Bayan sadakar bakwai na je gindin tsamiya na tarar da mutane ba su cika tabarma ɗaya ba. Na bi sauran gida gida. Wani abokin yayana, wanda da hannunsa ya kashe janareta ranar, ya kasa kallon idona, ya ce, “Wadda ta haihe shi ta yahe, mu mu ce mi?” Na zage shi tas, na zagi na gaba da shi. Banza! Jami'in Gusau ya yi ta bayani cewa yafewar uwa daban, ragar bel daban, doka ba ta haɗa su ba. Kowa ya gyaɗa kai, kowa ya koma aiki, domin a ganinsu ci gaba da rigima bayan maganar Inna cin fuska ne gare ta. Da na tuna wa manaja alkawarin zama, cewa ya yi zaman me kuma? Raga kuwa za a duba.

Ni ma na koma. Ga matata, ga marayun yayana sun dawo wuyana, gonarmu ba ta kai mu ko bazara. Da na je, foman ya ce ba wanda ya san halin injin kamar ni, tunda na daɗe ina kama wa yayana. Daga gobe ni ke kansa.

Tun ranar sadakar uku gaisuwa kawai ke haɗa ni da Inna. Da safen da zan fara, na same ta a tsakar gida tana dama wa jikokinta kunu. Na tsuguna na gaishe ta, sai abin da ke cina ya fito. Na ce, “Inna, kin san abin da kalmar nan taki ta rushe?” Na gaya mata komai, zaman, da ragar, da mutanen da suka watse. Ta saurara har na gama, ludayi a hannunta.

Ta ce, “Ban sani ba. Amma ko na sani, in ban yahe ba, da wane baki zan roƙi Allah shi yahe ma yayanka?”

Na ce mata yau ni aka sa kan injin. Hannunta ya tsaya. Raina a ɓace yake, na yi mata tambayar da ɗa ba ya yi wa uwa.

“In ni ma ya ci ni, Inna, za ki yafe?”

Ta daɗe tana kallon ƙwaryar kunun. Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

“Zan yahe,” in ji ta. “Ba ni da wani abin da zan iya yi muku.”

Na tashi na tafi aiki.