Kawu Modu da Motarsa Mai Janyewa Hagu

Ku da kuka san Kawu Modu kun san ba ya tayar da mota sai ya auna fasinja da ido. Zai tsaya a tasha, hula a ƙeya, ya ƙare wa mutum kallo, sannan ya yanke hukunci: "Kai, dama. Ke ma dama. Sale, kai hagu, ba ka da nauyi." Ni ne Salen, ɗan ƙanwarsa, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Allah Ya yafe mini, na san mamaci ne, amma gaskiya zan faɗa.

A-kori-kurarsa da muke shiga daga Hadejia zuwa Baturiya saro bandar kifi, janyewa take yi hagu. Sitiyarin ya yi lako-lako, sai an murza kusan rabi kafin taya ta ji. Hanyar fadama kuwa da damina ba ta fi faɗin motar ba, ruwa ta kowane gefe. Maganin Kawu shi ne jibge masu ƙiba a dama.

Ya taɓa ce wa wata Hajiya mai shinkafa ta matsa dama. Ta ce, "Malam, me kake nufi?"

"Hajiya, ai ke kaɗai kin isa gyaran sitiyari."

Matar nan ta zage mu tas, har da ni da ban ce uffan ba!

Na roƙe shi. "Kawu, don girman Allah a kai wa bakanike. Rayukan mutane ne fa. Ina da 'ya'ya ƙanana."

"Bakaniken ne ya haife ta? Ni na san halinta."

Ya shiga ƙarƙashi ya ɗaɗɗaure ƙarafan da roba, ya rage iskar tayar dama. Sannan ya ɗaura jan ƙyalle a sitiyarin, wai in ƙyallen yana sama, to mota a miƙe take. Da sati ya zagayo, ƙyallen ya koma gefe. Na nuna masa.

"Hanyar ce ta karkace, Sale. Yi salatinka, ka bar ni da tuƙina."

Da zazzaɓi ya kwantar da shi, ni da matarsa Inna Falmata muka sa aka tura motar gareji. Bakanike ya leƙa ƙasa ya ce, "Innalillahi! Da wannan kuke bin bakin kogi?" Ya canza duk abin da ya ci, sitiyari ya tsaya daram.

Kawu ya warke, ba wanda ya iya gaya masa. Hannunsa ya saba danna dama shekara da shekaru, ga masu ƙiba jibge a dama. Muna hawa hanyar fadama ya murza yadda ya saba, mota kuwa ta yi biyayya. Sai ga mu tsundum a gonar shinkafa, ruwa iya ƙugu, kwandunana na yawo. Alhamdu lillahi ba wanda ya ji ciwo. Kawu ya fito ta taga yana ihu.

"Wane maƙiyin ne ya lalata mini mota?"

"Kawu, gyara aka yi..."

"Gyara? Ta taɓa shiga ruwa kafin ku gyara ta?"

Abin haushin, ba ta taɓa ba! Shanu suka jawo ta, ya wuce gareji kai tsaye, ya tsaya a kan bakaniken sai da ya mayar da tsofaffin ƙarafan.

Mutumin da na tabbata a kogi zai ƙare da mu, a kan tabarmarsa ya cika bayan la'asar, carbi a hannu. Ni ya bari da hawan jini. Da muka dawo daga kai shi, na tsaya gaban motar, faɗa cike da bakina, babu mai amsa mini.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa tsoron da ya ba mu. Ya Allah, ranar ƙetare siraɗi Kai Ka riƙe masa, kada Ka bar shi ya tuƙa da kansa.