Fasfon Alhaji a Kasuwar Tianhe

Abubuwa da yawa na zamana a Guangzhou sun shige mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka sa ni zaɓen katin launi a kasuwar kwamfuta ta Tianhe ba. A ƙarshen shekarun casa'in ne. Lokacin ina ƙaramin injiniya a kamfanin Alhaji Sabo, ɗan kasuwar Kano mai shigo da kayan lantarki. Aikina shi ne in gwada duk abin da za a saya kafin ya shiga kwantena.

Ku da kuka taso kuka tarar da waya tana nuna komai tar, sai na yi muku bayani. Kwamfutocin gida na da, irin na gwanjon da muka saya, launi kaɗan suke iya nunawa, hoton mutum sai ya fito kamar zanen alli. Maganin abin shi ne a buɗe kwamfutar a soka mata wani ɗan kati mai ƙara launi. Masu shagunan ɗaukar hoto na Kano ne suka ba Alhaji odar, don gyaran hotunan biki. Ke nan in kati bai yi ba, cinikin duka ya rushe.

Kati iri biyu muka samu. Ɗaya na Mista Liyang ne, wanda Alhaji ya daɗe yana hulɗa da shi, har gidansa ya taɓa zuwa. Ɗayan na wata mata ce a hawan sama, ba mu san ta ba. Ni na karɓo samfurin nata da safe, don ƙa'idar aikinmu ba a gwada kaya shi kaɗai.

Ko da muka isa shagon Mista Liyang, har ya sa an ɗaure kwalaye an jera a bakin ƙofa. Ya zuba mana shayi, ya kunna kwamfuta biyu gefe da gefe, kowace da irin katinta. Ya sa hoton furanni, ya sa na jan kifi cikin ruwa. Gaskiya nasa ya ƙayatar, ja kamar garwashi, kore kamar gonar damina. Na matar kuwa dishi-dishi.

Alhaji ya dube ni. "Malam Habu, ai magana ta ƙare ko?"

Sai ga Yakubu, ɗan Kumasi da ke yi mana tafinta da lodi, ya leƙo yana share gumi. "Maigida, motan ya iso fa. In la'asar ya wuce an rufe kwantena, sai wani jirgi."

Ni dai wani abu ya tsaya mini a rai. Mutanenmu ba furanni za su gyara ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, saura gwaji ɗaya. A ara mini fasfonka."

"Fasfo? Me ya haɗa kifi da kaska?"

Ya dai miƙo, ransa a ɓace. Aka ɗora shi a kan sikana, na'urar da ke kwafe hoto zuwa cikin kwamfuta. A zamanin hoto layi-layi yake saukowa daga sama. Hula ta fito shar a katin Mista Liyang, har da zaren aikinta. Sai goshi. Fuskar ta zama dunƙulen baƙi mai ratsin shunayya, ba hanci ba kumatu, sai fararen idanu biyu. A ɗaya allon kuwa ga Alhaji nan sak, har da ɗan tabon gefen girarsa.

Mista Liyang ya murɗa maɓallin haske, hular ta koɗe, fuska ba ta dawo ba. Ya cire katin, ya farke kwali ya sa sabo. Duk ɗaya.

Alhaji ya matso kusa da ni, murya ƙasa-ƙasa. "Ka san na riga na yi wa mutumin nan alkawari? Ka san a gaban ma'aikatansa muke?"

"Na sani, ranka ya daɗe."

"To faɗa mini tsakaninka da Allah. Zai gyaru?"

Amsar da zan bayar za ta iya raba shi da amininsa, za ta kuma iya raba ni da aikina. Na ce, "Ba zai gyaru ba. Katin ne ba ya rarrabe launuka masu duhu. In muka kai shi Kano, duk amaryar da aka ɗauka haka za ta fito."

Alhaji ya yi ta jan carbi. Can ya ce wa Yakubu, "Tambayi lawban ko yana da wani iri." Lawban shi ne mai shago a bakin mutanen garin.

Mista Liyang bai ɗago daga allon ba. "Meyo," in ji shi, wato babu. Na ce a raina shi ke nan, yau za a yi ta. Sai ya miƙe ya yi wata doguwar magana yana nuna allon.

Yakubu ya juyo. "Maigida, ya ce bai taɓa gwada shi da fuskan baƙin mutum ba. Ya ce abin kunya ne ya aika abokinsa gida da wannan."

Mista Liyang ya sa aka mayar da kwalayen ciki. Ya shige gabanmu ya hau bene har shagon matar. Shi ya tsaya a kan cinikin, ina gefe ina ciro katunan nan da can ina gwadawa, ma'aikatansa kuma suka taya lodi. Mota ta bar kasuwar gab da la'asar, Yakubu na gaba yana addu'ar kada a haɗu da cunkoso. Cikin ikon Allah ta samu shiga.

Muka koma masauki. Washegari Alhaji ya ce in raka shi, muka koma wurin Mista Liyang ya ba shi odar wayoyin jona kwamfuta da sauran kayan haɗi. Har Alhaji ya daina tafiye-tafiye bai canza shago ba.

Tun daga ranar ban ƙara gwada kaya da abin da mai sayarwa ya zaɓo ba, da abin da mai saye zai yi aiki nake gwadawa. Ku ma ku riƙe wannan. In kuma Allah ya haɗa ku da ɗan kasuwar da zai ce muku babu, sannan ya raka ku ƙofar maƙwabcinsa da ƙafarsa, to kada ku sake shi.