Takardar da Ke Kan Hanya

Hureira ta yi shekara tara tana sayar da atamfa a shagon kawunta, Alhaji Mahmudu, a Titin Koudoukou. Abin da aikin ya koya mata shi ne kada ta yarda da rubutun bakin zane. Idan dila ya rantse cewa kayansa 'yan Holan ne, sai ta ɗora harshe a gefen turmin ta tantance da kanta.

Tun da ta yi jinyar mahaifiyarta wata huɗu take son karatun nas. Kawu ya yarda ta riƙa tashi daga shago bayan la'asar don karatun har shekara uku, ya kuma ce sau ɗaya zai yi wannan alfarma. Idan ta faɗa makarantar da ma'aikatar lafiya ba ta san da ita ba, shekarun sun tafi, takardar kuma sai dai a ƙunshe ƙosai da ita.

Ita da ƙawarta Zulai, 'yar unguwar Kokoro, suka zagaya makarantun yamma uku. Ta ukun ta fi kyau, ga sabon fenti, ga ƙwarangwal na roba yana gadin ofis. Daraktan ya tarbe su da Sango, yaren gari, da aka zo kan muhimman abubuwa ya koma Faransanci. Ya nuna musu takarda a bango mai hatimi huɗu, an rubuta Agrément en cours.

Zulai ta fassara nan take. Ta ce agrément amincewa ce, cours kuwa darasi, wato gwamnati ta amince da darussan ke nan. Daraktan ya yaba Faransancinta ƙwarai, abin da Hureira ba ta ji daɗinsa ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, amincewar tana nan ne, ko tana zuwa?"

Ya ce, "Tana kan hanya, madam."

"Daga ina ta taso?"

Ya ce daga ma'aikata. Tafiyar minti ashirin ce a babur, kwanan watan da ke ƙasan takardar kuwa ya shekara shida. Da ta nemi ganin wata da ta gama a nan take aiki a asibiti, ya lissafa bakwai, kuma Allah ya yi dukkansu suna ƙasar waje.

Zulai ta yi rajista a ranar, ta ce Hureira ko Aljanna aka kai ta sai ta nemi ganin hatimi.

Ranar Juma'a da safe Hureira ta je ma'aikatar, ta samo kwafin jerin makarantun da aka amince da su. Babu ko ɗaya cikin ukun. Wadda za ta iya zuwa a jerin kuma da safe kawai take koyarwa.

Kawu ya ce sharaɗinsu yamma ne, kuma yana zargin dabara ce ta guje wa buɗe shago. Ba ya karanta Faransanci, don haka ya kai kwafin wa mutum uku da ba sa ga-maciji da juna, kowa ya karanta masa shi kaɗai. Da bakinsu ya zo ɗaya da na Hureira, ya kira ta.

Ya ce, "Safiya taki ce. Daga azahar har rufewa tawa ce, da Lahadi gaba ɗaya."

Hureira ta ce ta yarda, amma a rubuta.