Malama Ƙoda da Masu Fasa Dutse

Ɗalibai ne suka laƙaba mata Malama Ƙoda a bayan idonta, har sunan ya bi ta. Fisiyoloji take koyarwa a kwalejin likitoci, wato yadda kowace gaɓa ta jikin mutum take aikinta, amma ko da numfashi ta fara lacca, sai ta san yadda ta yi ta ɓulla da ita ta ƙoda. Gajeriyar mace ce mai kakkaurar murya. In ɗalibi ya tsaya kame-kame sai ta ce, "Zauna, malam. Ƙodarka ta fi ka aiki, ita ko gyangyaɗi ba ta yi."

Mahaifinta fasa dutse yake yi a bayan gari. Tana sakandare ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta bi, fitsari ya ɗauke. Dangi suka ce asiri ne. A gaban idonta kawunta ya shaƙe wani maƙwabci da suke zargi, ya yi ta gwara kansa da bango har haƙoransa suka zube, mahaifinta kuwa yana ɗaki yana amai. Bai yi nisa ba ya rasu. Sai da ta shiga jami'a ta san sunan abin da ya kashe shi, kuma tun daga nan ba ta ƙara kallon wani fanni ba. Ta yi digiri kan digiri, ta yanka ɓeraye ba adadi, ta yi aure, ta fito, ta koma gidan yayanta mai walda da 'yarta guda.

Tambaya ɗaya ce ta hana ta sakat: me ya sa ƙarti majiya ƙarfi, ba ciwon suga, ba hawan jini, ƙodarsu take mutuwa a wurin fasa dutse? Sai ta fara zuwa can da motar sashensu. Ta auna jini, ta karɓi fitsarin safe da na bayan aiki a 'yan kwalabe, ta duba cikin mutum da ƙaramar na'urar ɗaukar hoto. Direbanta dattijo ne, ana ce masa Baba Sannu, don ba a taɓa ganin ya wuce ko mai keke ba.

"Malama," yakan ce yana jera kwalabe a kular ƙanƙara, "duk tsufana da furfurata, ashe dakon fitsarin ƙarti zan ƙare da shi."

"Riƙe da kyau, Baba. Wannan ya fi turare tsada."

Cikin waɗanda ta duba akwai wani saurayi da ake kira Mai Fito, saboda bakinsa ba ya rabuwa da fito in yana dukan dutse. Ta ɗora masa na'ura a dama, ta ga ƙoda. Ta koma hagu, ta duba, ta sake dubawa, wayam. Ta ja shi bayan mota ta ce masa da ɗaya aka haife shi, ba shi kaɗai ba ne a duniya, amma wannan ɗayar ta fara gajiya. Ta ce ya bar rana, ya sha ruwa, ya rabu da ƙwayoyin ciwon jiki da suke haɗiya kamar gyaɗa.

"Anti, don Allah kada kowa ya ji," ya ce. "Aure zan yi. In suka ji, hana ni za su yi."

Ta rufa masa asiri. Shi kuma bai bar aikin ba. Bayan wasu watanni ya yanke jiki ya faɗi a kan tsakuwa, a asibiti aka ce wa wansa ƙoda ɗaya gare shi, ita ma ta tsaya. Kafin a binne shi labari ya gama gari: matar nan mai kwalabe ce ta zare masa ɗayar da na'ura. Ita Malama ba ta da labari.

Ranar da suka koma, da hantsi, ba ta ji ƙarar guduma ko ɗaya ba. Ta fito ta buɗe bayan mota. Baba Sannu ya ce a hankali, "Malama, shiga mu tafi. Idon mutanen nan bai yi mini ba." Ba ta kai ga juyawa ba dutse ya tarwatsa gilashin gaba.

Suka zagaye motar. Wan Mai Fito ne a gaba, idonsa jajur, da guduma a hannu.

"Ina ƙodar ƙanina?"

"Wane ne ƙaninka, ɗan'uwa? Ajiye gudumar mu yi magana."

"Ba ni da 'yar'uwa ɓarauniya! Ina kika kai ta?"

Wani ya finciko kular ya kifar, kwalabe suka watse, jini da fitsari suka malale a ƙasa. "Ga shi nan! Jinin mutane!" Sai ihu ya ɗauka. Ta buɗe baki ta ce da ɗaya aka haife shi, amma ko ita ba ta ji muryarta ba. Aka fizge mayafinta, aka kwashe ƙafafunta. Duka ya sauko ta ko'ina, da ƙotar guduma, da bel, da ƙafa. Ta ɗaga hannun dama ta kare kanta, ta ji ƙashin ya ce ƙas. Fuskokin nan duk ta san su. Wanda yake tattaka mata cinya, makon jiya ta auna masa jini yana tsokanarta cewa allurarta ta fi ta matarsa zafi.

Baba Sannu yana da damar gudu, ƙofarsa a buɗe take. Maimakon haka ya kutsa cikinsu ya faɗa a kanta yana cewa, "Ku ji tsoron Allah, 'ya'yana, mace ce!" Dutsen da aka ɗago da hannu biyu don kanta, a ƙeyarsa ya sauka. Ta ji nauyinsa ya saki a jikinta, jininsa mai ɗumi yana bin wuyanta. Aka janye shi kamar buhu. Wani ya mirgino taya, wani ya zuƙo fetur daga tankin motar da tiyo, ya watsa mata. Ta ji sanyinsa a fatarta, ta ji ana neman ashana.

Wani direban tifa da ya zo lodi ne ya hango. Bai san ta ba, bai tambayi laifinta ba. Ya danne hon, ya yo kansu da baya a guje, ya ɗaga bodi, tsakuwa ta zubo kamar an fasa sama. Mutane suka tarwatse, wasu na ɗingishi. Ya dire da ƙarfen kwance taya, ya sauke wa na farko da ya matso a kafaɗa, ya sunkuci Malama ya jefa gaban mota. Ya koma ya ɗauko Baba Sannu. Kafin su hau kwalta dattijon ya cika, kansa a cinyarta.

A asibiti likitan da ya karɓe ta tsohon ɗalibinta ne. Aka ɗaure karaya, aka ɗinke goshi. Washegari ta dubi jakar fitsarin da ke rataye a gefen gado, ta ga ɗan abin da ya taru baƙi kamar shayin da ba madara.

"Likita, zo nan. Me ka gani?"

"Malama, tsokar da aka daddaka ce take narkewa, tana toshe…"

"To me kake jira? Ƙara ruwa, ka sa a shirya injin wanki. Ba don ka tsaya kallona na ba ka maki ba."

Ta yi makonni ana yi mata wankin ƙoda kafin ƙodojinta su farfaɗo, su ma ba duka ba. Ana cikin haka yayanta ya shigo ɗakin da rodi a hannu, abokansa na jira a waje, ya ce yau sai wurin fasa dutsen nan ya zama maƙabarta. Ta kama bakin rigarsa da hannun hagu.

"Yaya, ka ga Baba Sannu? Ya ishe ni. In ka fita da ƙarfen nan, kada ka dawo inda nake."

Ya tsaya yana huci, sannan ya maka rodin a ƙofa har ta lotsa, ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka.

An kama wasu, wasu sun gudu. A kotu ta ba da shaida a zaune. Da za a fita da wan Mai Fito da ankwa, ya tsaya a gabanta, ya rame, ya ce ƙasa-ƙasa, "Da gaske ana haihuwar mutum da guda ɗaya?"

"Da gaske ne," ta ce. Har yau ba ta ce ta yafe ba.

Ta rubuta sakamakon bincikenta da hannun hagu: zafin rana, ƙishirwa da ƙwayoyi ne suke cin mutanen. A wasu wuraren an kafa rumfa da tankin ruwa, a wasu ko a jikinsu. Ita dai ba ta sake taka wurin ba. Ta koma aji da sanda, tana dab da ritaya yanzu, ba ta zama ta ba ƙofa baya, kuma in motar yayanta za ta sha mai, sai ya fara sauke ta a bakin titi. Duk ƙarshen mako takan je gidan Baba Sannu. Matarsa ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, su gaisa, su yi hirar jikoki da ciwon gwiwa, har 'yarta ta zo ɗaukarta.