Jinin ƙanena ya riga ƙirjinsa magana

Shekarun baya, lokacin ina da sauran ƙarfin gardama da mutane, ƙanena ya kamu da wani irin ciwo. Mutumin da ke saɓa buhun masara shi kaɗai, sai ga shi in ya tsuguna ba ya miƙewa sai an kama shi. Ko hula ba ya iya ɗaga hannu ya sa. Bayan yatsunsa ya yi ƙuraje, fatar idonsa ta yi duhu. A ƙauyenmu wajen Dayi kowa ya zama likita, wannan ya ce sanyi ne, wancan ya ce maganin feshi ne ya shige shi. Daga Malumfashi aka tura mu Zariya.

A can wata likita ta ce garkuwar jikinsa ce ta juyo tana cin tsokarsa. Aka fara magani, jiki ya karɓa. Ya koma tashi da kansa, yana sallah a tsaye, yana share tuwo. Mu kuwa a wurinmu, wanda ya ci tuwo ya yi sallah a tsaye ya warke, magana ta ƙare.

Ana cikin haka likitar ta kira ni gefe. Ta ce sakamakon jinin da aka aika nesa ya dawo, kuma akwai wata alama a ciki. Masu wannan ciwo da ke ɗauke da ita, sau da yawa yakan faɗa wa huhunsu, kuma da gaggawa.

Na ce, "Likita, ni a aji uku na tsaya. Yi min ta manoma."

Ta ce, "Ka san tsutsar da ke shiga karan masara, ganye na nan shar? Ban ce dole ta ci shi ba. Amma ba na so ya tafi."

Na gane. Matsalar ita ce kaka ta yi, kuma waken suya in ya bushe ba a cire ba, fashewa yake ya zube. Ƙanena ya ce, "Yaya, wakena zai ƙare a ƙasa, ni kuma lafiyata lau." Kawunmu ya zo dubiya ya ɗora nasa: "Kai ɗan nan, mutum na numfashi sumul ka ce huhu? Yaushe jini ya fara duba? Bokon naka da bai kai ko'ina ba shi za ka gwada a kanmu?"

Ni dai sai na ɓoye takalman ƙanena da rigarsa a cikin jakata, na zauna a bakin ƙofa kamar maigadi. Ƙato da ni, da furfura.

Aka ƙara masa magani mai ƙarfi. Ba a daɗe ba tari ya zo, busasshe, daga nan ko zuwa banɗaki sai ya tsaya hutawa. Aka sa masa robar iska a hanci. Ya sha wuya ƙwarai, amma ya tashi. Likitar ta ce da a gona abin ya same shi, cikin ƙurar casa, ba ta jin za mu iso da shi. Wake kuwa, waɗanda na roƙa su cire sai da suka gama nasu. Rabi ya zube.

Kun san abin da dangi ke faɗa har yau? Wai yaro ya warke, na tsare shi a asibiti har ya kwaso ciwon ƙirji. Na gaji da bayani. Abin da na fahimta shi ne, in ka tare masifa tun ba ta iso ba, ba mai ganin abin da ka tare, asarar da aka yi kaɗai ake gani. Yanzu in wani ya kwanta a dangi, lemo nake kaiwa in yi addu'a in dawo gida.

Shi kansa ƙanen nawa, duk kaka sai ya tayar da zancen a majalisa: "Shekarar da Yaya ya sa na yi asarar wake..." Ba ya iya kai maganar ƙarshe a numfashi ɗaya, sai ya tsaya a tsakiya. Ni kuma in jira shi ya ja iska ya ƙarasa.